Sunan da Na Kira a Gaban Surukaina

Kakata ce ta rene ni a Salaga, kuma ita mace ce da ta ɗauki kunya tamkar sana'a. Gidanmu tsohon gidan fataken goro ne, ko da yake a zamanina goron ya ja baya, sai doya da hatsi da tulin alfahari. Tun ina ƙarama take nanata mini cewa 'yar gidan nan ba ta cin abinci a gaban suruki, ba ta dariya har a ga dasashinta, kuma ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba ta kiran sunan mijinta. Ita kanta, kakanmu ya daɗe a kabari, amma in zancensa ya taso sai ta ce "mai gidan nan", ta sunkuyar da kai kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Da wannan na taso, kuma ba zan ɓoye ba, ina taƙama da shi ƙwarai. In na ji wata a kasuwa ta ƙwala wa mijinta kira da sunansa gatsau, sai in taɓe baki in ce a raina wannan ba ta samu mai kwaɓarta ba.

Mijin da na aura ɗan Bawku ne, yana kawo albasa Salaga ya koma da doya. A shagon da nake koyon ɗinki muka haɗu, ya kawo yadi a ɗinka wa ƙanwarsa, daga nan ya riƙa kawo yadi har na fara tunanin ƙannensa mata sun fi na kowa yawa a ƙasar nan. Ni na ce ina so. Kaka ta ja da baya da farko, wai mutanen Bawku ko Hausarsu ba ta san mace ba, kowa "shi" ne. Da ta sauko, ranar da za a tafi da ni, ta kama hannuna a zaure ta ce, "Can za ki je ki nuna musu yadda ake renon 'ya a Salaga. Kada in ji wani abu ya biyo motar doya ya same ni a nan."

A Yendi muka fara zama, domin nan ne tsakiyar hanyarsa. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ke nan, lokacin da bidiyo ya fara shiga garuruwanmu. Wani abokinsa yana da gidan kallo kusa da tasha, kuma tunda matar aure mai mutunci ba ta zuwa ta zauna a benci cikin 'yan lodi, sai maigidana ya riƙa aro mana akwatin bidiyon da kaset da ɗan janareta a ranakun da ba a nuna komai da rana. Mu rufe taga da bargo, maƙwabta su cika mana ɗaki, a yi ta zufa ana kallo.

Shi finafinan tsoro yake so. Ban taɓa gane dalili ba, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza zai yanka sai ya kau da kai. Ya kalle su har ya haddace yadda suke tafiya, kuma ba ya iya yin shiru. Da an nuna samarin Turawa sun cika mota suna shewa za su kwana a wani gida cikin daji, sai ya nuna mai yawan barkwancin cikinsu ya ce, "Wannan ba zai daɗe ba." Haka kuwa za a yi. In mota ta tsaya lafiya lau da safe, ya ce mu jira mu gani, lokacin da ake bukatarta ba za ta tashi ba. In yarinya ta kwasa da gudu, ya ce yanzu za ta faɗi a wurin da ko tsakuwa babu. In kiɗa ya yi ta hawa sannan kyanwa ta yi tsalle daga cikin kabad kowa ya sauke ajiyar zuciya, ya ce kada mu saki jiki, na gaskiyan yana bayan ƙofa. Dodon fim ɗin kuma ko an sare shi, an ƙone shi, an tura shi rijiya, bai mutu ba, sai an juya masa baya zai miƙe.

Ni haushi mutanen cikin fim ɗin suke ba ni. An sayar maka da ƙaton gida da arha haka, ba za ka tambayi maƙwabta abin da ya kori masu shi ba? Ka ji motsi a ɗakin da ba kowa, ko bismilla ba za ka yi ba, sai ka ɗauki tocila ka nufi wajen kai kaɗai? Ku shida ne, maimakon ku dunƙule wuri ɗaya sai wani mai wayo ya ce a rarrabu. Amma duk wannan surutun bakina ne kawai. Tsoro nake ji sosai, irin wanda ke sa in ƙi zuwa bayan gida sai da rakiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne wanda maigidan ya fi maimaitawa: in wuta ta ɗauke, wani ya miƙe ya ce bari ya duba, yanzu zai dawo, to a yi masa addu'a. Kuma kullum mu masu kallo muna ganin abin yana tasowa a bayansa, muna ihu muna cewa ya waiga, shi kuwa ba ya ji.

Da babbar Sallah ta zo, a tsakiyar damina, ya ce mu tafi Bawku in yi zama na farko mai tsawo a gidansu. Na yi shiri kamar mai zuwa jarrabawa. Gida ne babba mai mutane da yawa, kowa da irin Hausarsa, ana haɗa ta da Kusasanci da Mosanci da Turanci a tukunya ɗaya. Surukina tsoho ne siriri mai fara'a, Bahaushe ɗan asalin zango, unguwar Hausawan garin. Surukata kuwa, wadda kowa ke kira Mma, 'yar ƙabilar Busanga ce daga wajen Garu, an auro ta tana budurwa, ta musulunta a gidan, ta koyi komai a gidan. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Ba ta da yawan magana, kuma tun da na sauka take kallona da wani irin ido da na kasa fassarawa. Maigidana ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, in za ta ba shi abinci sai ta ce wa yaro, "Kai wa wancan." Na lura da haka na ce a raina, to, ashe akwai wadda ta san abin da ake yi a garin nan, kuma ita ce zan burge.

Na kuwa dage. Na durƙusa har gwiwoyina suka yi kanta. Na ƙi cin abinci sai a ɗaka, a bayan ƙofa. In an tambaye ni ina maigidan, sai in ce "ya fita" ina kallon ƙasa. Matan gidan suka fara cewa, "Amariya na Salaga ya san kunya paa," ni kuwa ina jin daɗi, ina kuma gyara musu Hausar a zuciyata. Mma kaɗai ce ba ta yaba ba.

Kashegarin Sallah, bayan la'asar, an gama suyar nama, sai maigidan ya fito da akwatin bidiyo da kaset ɗin da ya ɗauko daga Yendi don ya burge 'yan'uwansa. Aka jera tabarmi a babban ɗakin tsakar gida, aka ajiye janareta can gefen ɗakin girki saboda ƙara, aka ja waya. Hadari ya haɗu tun azahar, gari ya yi duhu kamar magariba, ko bargo ba a bukaci sa wa taga ba. Kowa ya shigo, yayyensa mata 'yan uba da suka zo Sallah, ƙannensa, baffansa, maƙwabta, har da Mma, wadda aka lallaɓa ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne daf da ƙofa. Surukina ne kaɗai ba ya nan, na ɗauka yana masallaci. Ni na raɓe a gefen Mma, na ja mayafi har goshi, na ƙudura a raina cewa ko me za a nuna ba za a ji ko tarina ba.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. An kashe mai barkwanci, na cije leɓe. Mota ta ƙi tashi, na matse yatsuna a ƙarƙashin mayafi. Yara suna ihu, baffan yana ta salati yana cewa Turawan nan ba su da hankali kuraa, wato ko kaɗan. Aka zo wurin da yarinyar da ta rage take tafiya da baya da baya a wani dogon lungu, kiɗa ya ɗauke ɗif, ana jin numfashinta kawai. A daidai nan janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Kafin kowa ya yi magana sai na ji muryar maigidana yana cewa, "Ku zauna, bari in duba. Yanzu zan dawo."

Na san fim wasa ne, na san Bawku nake, na san mai ne ya ƙare ko waya ta zame. Amma duk da haka na bi shi da ido ta ƙofa. Ya kunna tocila ya ratsa tsakar gida, an fara yayyafi, ya tsuguna a gaban janareta ya ba lungun bayan gida baya. Sai na ga wani abu fari, dogo, marar fuska, ya fito daga lungun a hankali, yana tafiya ba ƙarar takalmi, ya nufo shi ta baya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji wata murya, wadda daga baya aka tabbatar mini tawa ce, ta ƙwala sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, ba "Malam" ba "Alhaji", yadda abokansa na tasha suke kiransa. Ban tsaya a ɗaya ba, na maimaita, na ƙara da cewa, "Bayanka! Fatalwa! Ka gudu!"

Ya zabura ya haska tocila. Farin abin ya tsaya, ya ɗaga hannu ya yaye zanen da ya rufa da shi saboda yayyafi. Surukina ne, riƙe da buta. Ya ƙyafta ido cikin hasken, ya leƙo wajen ɗakin ya ce, cikin sanyin murya, "Ni ne, amariya. Ban mutu ba tukuna."

Sai ɗakin ya fashe da dariya. Baffan ya yi dariya har ya kwanta a kan tabarma. Yayyen maigidan suna tafawa suna share hawaye. Wani ƙaramin ƙaninsa ya fita tsakar gida cikin ruwan yana tsalle yana cewa, "Amariya ya kira sunan mijinshi! Amariya ya ce Baba fatalwa ne!" Na so ƙasa ta tsage in shige. Na waiga wajen Mma, domin ita kaɗai ce ta dame ni, na ga ba ta dariya. Ta dube ni, ta miƙe, ta ɗauki kujerarta ta fita. Wannan ya fi mini dariyar ciwo nesa ba kusa ba.

Na shige ɗaki na ƙi fitowa. Kunya ta hana ni ci, ta hana ni barci, ko alwala sai na leƙa na ga tsakar gida ba kowa. Ta taga ina jin yaran unguwa sun mayar da abin wasa, ɗaya ya rufa da buhu, ɗaya ya tsuguna, na uku ya maƙale murya ya kwaikwaye ni. Maigidan ya yi ta rarrashi, amma shi ma in ya fara magana sai kumatunsa su motsa, in ji kamar in shaƙe shi. Na ce masa duk laifinsa ne, shi da finafinansa, wa ya aike shi ya ce yanzu zai dawo? Tsohon ya aiko mini da ƙafar rago da saƙon cewa fatalwa tana gaisuwa, na fashe da kuka. Abin da ke cina shi ne motocin albasa suna tashi daga Bawku kowace ranar kasuwa, kuma labari irin wannan ba ya biyan kuɗin mota. Ina rufe ido in ga Kaka zaune a zaure ana ba ta labarin yadda jikarta ta nuna wa mutanen Bawku renon Salaga. Mma kuma, wadda na yi ta durƙuso dominta, ta gama gane cewa duk fenti ne.

Na yi kwanaki a haka. Wata safiya bayan maza sun fita kasuwa, na ji an tura ƙofa ba sallama. Mma ce, da kwanon koko da ƙosai a hannu. Na zame daga bakin gado na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Ta ajiye kwanon, ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sha," in ji ta.

Na ce, "Mma, ki yi haƙuri, na ƙoshi."

"Ba ka ƙoshi ba. Sha."

Na ɗauki ludayin ina kurɓa, hawaye na zuba a ciki. A gaban surukata nake cin abinci, amma abin da na riga na yi ya fi wannan, don haka ban ma damu ba. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa ba tarbiyyata ba ce, sharrin fim ne, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Wannan sini na ku, ni ba na so," ta ce, tana nufin fim ɗin. "Ba don aljani ba. Don kana gani abu yana zuwa bayan mutum, kana gani da ido, shi bai sani ba."

Ta murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Ka ga bayan mijinka?"

Na sunkuyar da kai. Na gani mana. Tabon ƙuna ne babba, daga kafaɗarsa ta hagu har kusan ƙugu, fatar ta tattare tana sheƙi. Na taɓa tambayarsa ya ce tun yana ƙarami ne, bai ma tuna yadda aka yi ba.

Ta ba ni labarin da irin Hausarta, a gutsure, ba ta kallona. Lokacin ɗan nata yana ƙarami, bai daɗe da fara gudu ba. Ranar tana suyar ƙuli-ƙuli, ta sauke kaskon mai daga wuta ta ajiye a ƙasa, ta koma can gefe tana murza wani ƙuli-ƙulin. Uwar mijinta da 'yan'uwan mijin mata suna zaune a rumfa, su da tun zuwanta suke jiran ranar da Busangar nan za ta nuna ba ta san kunyar Hausawa ba. Tsakar gida cike da yara. Sai ta ɗaga kai ta gan shi yana jan ɗan akuya da igiya, yana tafiya da baya, kaskon yana bayansa.

"Sunan ya zo nan," ta ce, ta taɓa maƙogwaronta. "Na duba rumfa. Sai na ce, kai yaro. Kai yaro! Yara goma a gida, wane ne zai juya?"

Na ajiye ludayin.

Ta ce da baya ya faɗa cikin kaskon, da ƙyar ya rayu, an yi watanni ana jinya, yana kwana a kife. Abin da ya fi tsaya mata kuma shi ne bayan ya warke, uwar mijin ta riƙa ba da labarin a gidajen suna da na biki, da alfahari, wai surukarta ko da ɗanta zai faɗa cikin mai ba ta kira sunansa ba. Daga ranar aka daina ce mata Busanga, aka karɓe ta a gidan. Har yau tsofaffin unguwar in suna yi wa amare faɗa da ita suke misali.

"Suna yabo na," in ji ta. "Shekara talatin suna yabo na."

Wata kunyar ce ta rufe ni, ba irin ta kwanakin nan ba, domin na tuna yadda na ga tana cewa "kai wa wancan" na yaba mata a raina, na ce ga wadda ta iya. Na tuna kuma kwanakin da na kwashe ina kuka saboda an yi mini dariya.

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki kwanon. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ranar nan na fita don kada su ga ido na. Kai ka kira. Tsoho ne da buta kawai, ka kira har biyu." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Na gaya ma direbobi, wanda ya kai magana Salaga kada ya sake zuwa gida na sayen mai. Tashi ka wanke fuska, gyaɗa yana jira."

Na fito na zauna kusa da ita muna ɓarar gyaɗa, matan gidan suna satar kallona. Wajen azahar maigidan ya dawo daga lodi, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Ya tsaya a bakin randa ya tuɓe riga don ya watsa ruwa, ya juya mana baya. Na ga hannun Mma ya tsaya a cikin kwarya. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, leɓenta na motsi ba sauti. Sannan ta kira wata jikarta ta ce, "Je ka gaya ma wancan abincinshi yana ɗaki."